Hannu a Daron Nabisa

Duk wanda ya taɓa jefa ƙugiya daga kan duwatsun bakin tekun garin Bepur ya san Nabisa mai shayi, in kuwa ya daɗe yana jefawa, to ya san daronta. Rumfarta na bakin hanyar duwatsun tun mijinta na da rai. Baƙin shayi take sayarwa mai lemun tsami, da soyayyar ayaba, sai baƙar magana, wadda ita kam kyauta ce.

Daron kuwa saboda etta aka ajiye shi, kifin nan mai gemu da santsi kamar sabulu, ga ƙaya a baya, ga ƙaya a kowane gefe. Ka yi garajen cire shi daga ƙugiya ya soke ka, wallahi sai ka kira sunan kakarka. Na ga ƙato mai gashin baki yana birgima a kan dutse yana wasiyya. Da an kawo mutum, Nabisa za ta cika daro da ruwa mai zafi iya yadda fata za ta jure, ta ce ya tsoma. Amma da sharaɗi.

"Ruwana ba ya jan dafi daga jikin maƙaryaci. Hannu na ciki, baki ya faɗi gaskiya ɗaya, kowa ya ji."

Mu masu fatsa kuwa ƙarya a jininmu take. A daron nan aka ji cewa ƙaton kifin da Moidu direba ya ɗauki hoto da shi, a kasuwa ya saye shi. A nan wani ya faɗi inda yake ɓoye taba kada matarsa ta gani. Abin da ni na faɗa kuwa, kada ma ku tambaya.

Mutum ɗaya ne hannunsa bai taɓa shiga daron ba: Biran, tsohon tela, wanda matarsa ta daɗe da rasuwa. Shi ya koya mana duka yadda ake riƙe etta, ƙaya tsakanin yatsu. Kullum da la'asar yana kan bencin Nabisa da kofi guda, suna cacar baki.

"Maman Shafi, yau ruwan wankin kofi kika dafa mana?"

"Ka sha ka tashi, tsohon banza, bencin ba gadonka ba ne."

Kowa a duwatsun ya san abin da ke ransa. Har kuliyoyin rumfar sun sani. Amma mutumin da zai iya shirga maka ƙarya tun safe har azahar, wannan magana ɗaya ta gagari bakinsa. Abin na ba ni haushi ƙwarai. Sai ga labari: ɗanta Shafi zai zo ran Juma'a ya tafi da ita birnin Bangalor, wai gwiwoyinta sun gaji, za a rufe rumfa. Muka tasa Biran gaba. "Yaya Biran, ka yi magana mana!" Ya ce wace magana, shi iskar teku yake zuwa sha.

Ran Alhamis da la'asar ina kusa da shi, ya jawo wata 'yar etta da ba ta kai tafin hannu ba. Ya dubi kifin, ya dubi rumfa. Da idona na gani: ya runtse ido, ya yi bisimilla, ya danna tafinsa a kan ƙayar.

Ihun da ya kurma sai da hankaki suka watse. Muka kinkimo shi, zaninsa irin na mazan garinmu na neman kwancewa, duk masu fatsa suka yar da sanduna suka biyo mu, don shekara da shekaru muna jiran wannan rana. Nabisa ta zuba ruwa, ta kama hannun ta danna cikin daro, ta riƙe ƙugu.

"Yau ga gwani a hannu. To, bisimilla."

Gumi na zubo masa. Ya ce, "Ni... ni ba na son shayi."

"Me ka ce?"

"Na tsani shayi! Ƙwannafi yake sa ni. Naki ma ya fi na kowa."

Wuri ya kaure da dariya, Moidu har da faɗuwa daga benci. Nabisa ba ta yi dariya ba.

"To uban me ke kawo ka rumfata kullum?"

"Ai gaskiya ɗaya kika ce."

"Wannan rabi ce. Zugin ya daina?"

"Bai daina ba."

"To ƙarasa."

Ya sunkuyar da kai yana kallon ruwan, muryarsa ta dawo kamar ta yaro. "Ke nake zuwa gani, Nabisa. In kika tafi ban san inda zan kai la'asar ɗina ba."

Duk muka zuba wa Nabisa ido.

Ta matso, ta yi ƙasa da murya, amma kunnen mai fatsa ba ya barin komai ya wuce. "Sakarai. Ruwan zafi ne kawai, ko liman ko ɓarawo duk zai yi musu aiki. Sharaɗin nan ni na ƙirƙiro don in sha dariya. Da gangan ka soki kanka, ko?"

"Bakin ne ya ƙi, sai na nemo masa dalili."

Ta yi tsaki, ta ce bari ta ji ko ruwan ya huce. Ta naɗe hannun riga ta tsoma nata hannun a daron, gefen nasa. Muka jira ta cire. Ba ta cire ba.

"Moidu," in ji ta, ba ta ko waiwaya ba, "kira min Shafi a waya. Ka ce kada ya wahalar da motarsa. Gwiwoyina lafiyarsu lau, dama zaman kaɗaici ne ya ishe ni."

Moidu ya ce, "Yaya Nabisa, wannan gaskiya ce ko ta masu fatsa?"

Ta ce, "Makaho ne kai? Ba ka ga inda hannuna yake ba?"