Shinkafar Gwaji a Gonata

A garinmu Wurno, idan ka ba mutum aron gona, ba ka tambayarsa abin da zai ba ka. Abin kunya ne. Shi ma ba ya yi maka alkawari. Amma ranar da ya yanke amfani, kafin ya kai ko ƙwaya ɗaya ɗakinsa, za ka ga jaki ko babur a ƙofar gidanka da buhu ko rabin buhu, gwargwadon abin da Allah ya ba shi. Haka na taso na gani a wurin babana. A kan wannan al'ada na ɗora lafiyar matata, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane karatu.

Wanda ya zo neman gonar taubashina ne, ɗan gwaggona. Tare muka tashi, tare muka sha duka a kan satar mangwaro. Shi ya karanta aikin gona ya zama malamin gona, ni na ƙare a firamare da alli. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya same ni a zaure, ya ce wasu masu bincike suna neman fili a fadama don gwada sabuwar shinkafa. Tawa gonar ta dace, domin tana gefen hanyar Goronyo, ruwan da ake sakowa daga dam yana isa gare ta, kuma duk maƙwabtana albasa suke yi, babu wata shinkafa kusa.

Na ce wace irin shinkafa ce sai an nemo mata gida a keɓe kamar amarya? Ya yi mini bayani yadda zan gane. Sinadarin ƙarfen da ke ƙara wa mutum jini, a shinkafarmu yawancinsa a dusa yake, da an kai inji sai ya tafi wurin awaki. Su kuma masu binciken sun ɗauko wata ƙwayar halitta daga waken suya sun dasa a cikin shinkafa, don ta riƙa tara sinadarin a cikin farar ƙwayar kanta. Mace ta ci tuwonta na yau da kullum, jininta ya ƙaru.

Na gyara zama, don a makon ne aka kai matata asibiti. Cikinta wata huɗu, ko tsakar gida ta share sai ta zauna tana haki. Ma'aikaciyar jinya ta ja fatar idonta ƙasa, ta kira ni in duba da kaina. Fari fat. Ta ba ta jajayen ƙwayoyi, ta ce a yawaita hanta da ganye. Ganye muna da shi. Hanta kuwa, tun da 'yan bindiga suka taso danginta daga Tursa suka dawo gidanmu, tukunyarmu ta ninka, nama ya zama na ranar kasuwa.

Taubashina ya fito da takarda ta Turanci, ya ce akwai kuɗin haya a ciki. Na ce ya riƙe hayarsa. Haya ciniki ce, an biya ka an gama da kai. Ni aro na bayar. Ya ɗago ya dube ni, sannan ya ce, "To, yadda ka gani, Malam." Turanci ba ya gagara ta, amma yaya zan zauna ina bin takardar ɗan gwaggona layi-layi a gabansa, kamar ina zarginsa? Na sa hannu ina ce masa ko rubutun sunansa bai iya ba sai da na koya masa.

Masu binciken suka kewaye gonar da waya, suka rufe samanta da raga don kada tsuntsu ya ɗauki ko ƙwaya, suka sa ƙofa da kwaɗo. Mai shiga sai ya wanke takalmi in zai fita. Mutanen fadama suka yi ta dariya, wai shinkafar Malam ta shiga kurkuku. Ni kuwa alfahari nake. Kullum na tashi makaranta sai na biya, in tsaya a bayan waya ina kallonta tana yin kore. Da ruwa ya yi jinkiri, ni na je na yi rigima da mai rabon ruwa har muryata ta dushe, alhali ba aikina ba ne.

A gida kuwa ƙwayoyin sun ƙi matata. Da ta haɗiya sai amai, wuni guda ba ta da katabus. Da farko ina lallashinta, ina tsayawa a kanta sai ta sha. Wata rana na same ta tana kuka da ƙwayar a tafin hannu, sai na ce ta bar su, shinkafarmu saura 'yan makonni. Ni na faɗa, da bakina. Na san yanzu cewa ko da ta ci shinkafar, ba a mako uku take gyara jini ba, kuma ba ta maye gurbin magani. A lokacin ban sani ba, kuma wanda ya sani yana tsaye kusa da ni kullum.

Domin na gaya wa taubashina. Muna jingine da wayar, shinkafa ta fara sunkuyar da kai, na ce, yadda muka saba kiran matata da wasa, "Matakka fa ta bar shan maganin asibiti, wagga taku muka jira." Bai dube ni ba. Ya ce, "Allah shi kai mu." Na ce amin.

Ranar yanka na nemi izini a makaranta. Matata ta sa an aro mata babbar tukunyar turara shinkafa, an wanke, an tara itace. Ta riga ta yi wa wasu masu ciki biyu a unguwa alkawarin mudu-mudu. Da na isa fadama na tarar da motoci, da baƙi sanye da safar hannu. Matan da suka zo kala, kamar yadda ake yi bayan kowane girbi, an tsayar da su nesa. Baƙin suka yanke, suka auna, suka zuba kaɗan-kaɗan a 'yan ambulan suka liƙe. Sauran duka aka kwashe, har karan, har ƙwayoyin da suka zube aka share da tsintsiya, aka tara a wani rami da na ga an haƙa ana gobe yanka, na ɗauka na wata dabarar sussuka ne. Sai na ji warin fetur.

Na yi ihu na nufi ƙofar. Wata mace a cikin baƙin, shugabarsu, ta tare ni cikin ladabi. Ta ce doka ce, shinkafar gwaji ce, ba a amince kowa ya ci ba tukuna, sai bayan shekaru na bincike, kuma ko ƙwaya ɗaya ba ta fita daga wayar nan. Ta buɗe takardar ta nuna mini wurin, ga sa hannuna a ƙasa. Ta yi mamaki ƙwarai da ban sani ba. Ba na jin haushin matar nan. Ba ta san al'adar aro ba, ba ta san matata ba, aikinta ta yi.

Na sami taubashina a bayan mota yana latsa waya. Na ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun hwarko."

"Mi ya hana ka hwaɗa min?"

Ya ce, "Da na hwaɗa, da ba ka ba mu gonar ba. Kuma in babu gonakka, aikin sai a kai wata jiha, ni kuma a bar ni. Na ɗauka za ka karanta takardar, Malam."

Ya fi kowa sanin ba zan karanta ba. Na ce masa, ranar da na gaya maka ta bar magani fa? Sai ya ce ya so ya yi magana, nauyi ya ji. Nauyi! Wuta tana ci a bayanmu, ƙamshin shinkafa mai ƙonewa ya cika fadama, matan kala suna ta salati. Wallahi da akwai lauje a hannuna ban san abin da zai faru ba. Ban taɓa jin an ci amanata kamar ranar ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, da hannuna aka yi.

Da na koma gida na ce wa matata masu binciken sun canza shawara, doka ta hana. Ta sa aka mayar da tukunyar mutane. A ranar na dawo da ita kan ƙwayoyin, tana sha tana amai, ina riƙe da kanta. Lokaci ya riga ya ƙure. Naƙuda ta zo mata kafin watanta ya cika, ta zubar da jinin da ba ta da shi. Likita ya ce a nemo jini maza-maza. Nawa bai yi daidai ba, na yayanta ma haka. Muna tsaye a baranda sai ga taubashina, ban san wanda ya gaya masa ba. Aka gwada nasa, ya dace. Ya dube ni kamar mai neman izini. Na kau da kai na ce wa likita a ɗiba.

Ta rayu. Jaririyar ta kwana biyu a duniya ta koma.

Dangi suna ta sa masa albarka har yau, gwaggona tana ba da labarin a kowane biki. Ban taɓa gaya wa matata cewa ya sani ba, domin in na fara, sai na kai ga wanda ya ce ta ajiye maganin. Duk ranar da ya zo gidanmu, ita da kanta take tashi ta zuba masa a babban kwano, ta tsamo masa naman da ke cikin miyar, ta ce in kai wa wanda ya ceci ranta. Ni kuma in ɗauka in kai masa zaure.