Rosemary Kaleb, Matar da Ta Sa Na Baya Suka Ji

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, ina juya citta a wurin shanya a bayan gida, Asher ya kira ni daga asibiti a Kafanchan. Bai ja magana ba. Ya ce, "Anti Patricia, Mama ta tafi gida." Haka labarin rasuwar Rosemary Kaleb ta Madakiya ya iske ni, matar da yankin nan kaf ya sani da Maman Asher mai kayan sauti. Ta yi gajeriyar jinya, ta rasu tana da shekara hamsin da tara.

Maman Asher, na yi kukana na gama. Yanzu ina so in faɗa wa waɗanda suka san ki a bayan teburin na'ura kawai yadda kika kai can, domin ina wurin tun farko, kuma labari ne da ya kamata a faɗa da kai a ɗage.

A zumuntar mata muka saba. Ni nake ba da waƙa, ke kina buga tulu. A lokacin ba ruwanki da waya ko na'ura. Wannan aikin mijinki ne, Baba Kaleb, mai gyaran rediyo a bakin hanya. Shi ya haɗa manyan lasifika guda biyu da hannunsa, ya yi musu akwati da katakon maɗaci, kowanne ya kai ƙirjin mutum. Yana ba da su haya a biki da taro, tare da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta fita ta lasifika.

Shekarar da rikici ya faɗa wa yankinmu, shagonsa ya ƙone ƙurmus, da amfilifayar da duk abin da ke ciki. Lasifikan nan biyu ne kaɗai suka tsira, saboda an kai su wani biki a Kagoro ba a riga an dawo da su ba. Baba Kaleb bai sake zama daidai ba. Hawan jini ya kama shi, kafin wata damina ta zagayo muka binne shi. Ya bar ki da Asher da Hephzibah duk suna makaranta, da 'yar gonar citta, da akwatuna biyu a kusurwar ɗaki waɗanda ba su iya fitar da ko tari sai da na'urar da ba ki da ita.

Dangi suka ce ki sayar. Ba mugunta ce ta sa su ba, tausayi ne. Kika saurare su har suka gama, sannan kika ce, "Kaleb bai haɗa su don sayarwa ba. Aiki za su yi."

Gwajinki na farko bai yi kyau ba, kuma ke da kanki kike ba da labarin kina dariya. Taron zumuntar mata ne na gunduma a Zonkwa. Kika aro wata 'yar amfilifaya mai ƙyalƙyali, an rubuta wata ƙatuwar lamba a goshinta. Kowa ya ce miki ƙarama ta fi aminci, tunda ba ta da ƙarfin da za ta fasa lasifika. Fili ya cika maƙil. Matan baya suka fara ɗaga hannu, alamar ba sa ji. Kika murɗa, suka sake ɗagawa, kika murɗa har ƙarshe. Wata jar fitila ta kunnu a jikin na'urar ta ƙi mutuwa. Ina tsakiyar waƙa na ji muryata tana fita kamar ana yaga tsohon zane. Sai ƙauri ya tashi, lasifika ɗaya ta koma gunaguni kawai. Muka ƙarasa taron da bakinmu da tulunanmu.

A mota muna dawowa kin ɗora hannu a kan akwatin har muka wuce rabin hanya. Na ɗauka kin karaya. Sai kika juyo kika ce, "Patricia, ki shirya ranar kasuwa. Za mu je wurin wanda ya san abin nan."

Kika ɗauki hayar a-kori-kura, aka loda lasifikan duka biyu da janaretanki, muka nufi Kafanchan. A kwanakin nan mutanenmu da yawa ba su koma shiga wani sashen kasuwar ba, zuciya ba ta gama kwanciya ba. Can kika nufa kai tsaye, shagon Malam Jamiluddeen mai sayar da kayan sauti, wanda suka koyi gyara wurin maigida ɗaya da Baba Kaleb. Da aka sauke akwatunan, ya miƙe ya shafa katakon, ya ce, "Wannan aikin Kaleb ne." Ya cire hularsa ya riƙe, ya yi miki gaisuwar rashi, ya sa aka kawo mana benci da ruwa.

Ya buɗe lasifikar da ta lalace, ya nuna miki ƙaramin bakin nan na sama mai fitar da siririyar murya, ya ƙone baƙi ƙirin. Ya sauya shi. Sannan ya zauna ya yi miki bayani a tsanake. Ya ce ƙaramar amfilifaya ba aminci ba ce. Idan aka matsa mata ta ba da abin da ba ta da shi, sautin da take turawa yakan lalace, kuma lalataccen sautin nan shi ke dafa lasifika. Jar fitilar nan kukanta ne. Ya ce ki manta da lambar goshi, ta talla ce. Ya juya akwatin ya nuna miki rubutun da Baba Kaleb ya manna a baya: kowace lasifika tana ɗaukar ƙarfin wuta wat ɗari huɗu, a om takwas, wato ma'aunin nauyin da take ɗora wa amfilifaya.

"Madam, abin da za ki tambaya ke nan duk inda kika je," in ji shi. "A om takwas, nawa take ba kowane gefe? Ki nemi wadda ta fi lasifikarki ƙarfi da rabi, ko ta kusa ninka ta. Ba don ki ƙure ta ba. Don ta yi aiki ba tare da haki ba, ranar da kika buƙaci ƙari ki same shi."

Ya jero amfilifaya guda uku a ƙofar shago. Kika ce ba za ki zaɓa da ido ba. Kika sa aka tada janaretanki, ba wutar shago ba, domin da shi za ki yi aiki a ƙauye. Sannan kika miƙo mini makirfo kika ce in yi waƙa. Na ce, "A nan? Tsakiyar kasuwa?" Kika ce, "Ai ba a ɗaki za ki riƙa yi ba." Kika tsallaka titi, kika yi nisa har kusa da layin dogo, kika tsaya kina saurare.

Ta farko ta fara tsatsa da na ɗaga murya. Kika girgiza kai daga nesa. Ta biyu ƙatuwa ce, sai da maza biyu suka ɗaga ta. Da aka kunna, janareta ya yi nishi kamar zai mutu, Malam Jamiluddeen kuma ya ce da hannu zai kuskure a kanta sau ɗaya, za ta yaga lasifikan. Ta uku mai ba kowane gefe wat ɗari bakwai ce. Da na buɗe baki, ni kaina sai da na tsorata. Muryata ce sak, har numfashina, amma ta cika kasuwa. Masu tumatir suka bar tirensu, 'yan acaba suka kashe babura, wata tsohuwa mai fura ta fara rausaya. Na hango ki kin ɗaga hannu biyu sama, kina tahowa da rawa a tsakiyar titi, motoci suna kauce miki. Tun rasuwar Baba Kaleb ban ga haƙoranki ba sai ranar.

Cittar shekarar ce ta tafi a kan na'urar nan, ba ki taɓa yin da-na-sani ba. Kika koyi ladabinta: ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, ba a rufe mata hanyar iska, ba a barin jar fitila ta zauna. Kin saya mata lema tata ita kaɗai. Ke kina rana, ita tana inuwa.

Amma ranar da za a daɗe ana tunawa da ke ita ce ranar sulhu. Damina ta gabato, gonakin fadama sun yi shekaru ba a noma su saboda tsoro, makiyaya su ma ba su da hanyar kai shanu rafi. An taɓa kiran taro a baya ya watse, domin na baya ba su ji abin da aka faɗa ba, wani ya juya maganar, matasa suka tashi da duwatsu. Da dagaci ya sake kiran taro a filin makarantar firamare, ke kika je kika same shi kika ce a bar miki sauti. Wasu suka yi mamaki, suna tuna shagon mijinki. Kika ce, "Shi ya sa."

Manoma suka zauna gefe ɗaya, makiyaya gefe ɗaya, tsakani fili. Aka yi jawabai. Sannan aka kira Ardo Yero, tsoho tukuf, mai murya kamar raɗa, Hausarsa kuma da nauyin Fulatanci. Ya riƙe makirfo nesa da bakinsa. Farkon maganarsa bai kai ko'ina ba. Daga can baya wani ya yi ihu, "Ya ce ba za su bar fadama ba!" Hayaniya ta tashi. Na ga matasa suna miƙewa, na ga mata suna jan 'ya'yansu.

Kika bar teburinki, kika taka har gaban Ardo, kika durƙusa, kika ɗaga hannunsa a hankali har makirfon ya kai bakinsa. Kika ce, "Baba, sake faɗa. Za su ji." Kika dawo da sassarfa, kika ɗora yatsu a kan maɓalli kika ƙara. Akwai sauran ƙarfi a ajiye, jar fitila ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Muryar tsohon nan ta ratsa filin, a sarari, ta hau kan hayaniyar ta danne ta.

Ya ce ba za su bar fadama ta sake kwana ba noma saboda su ba. Ya ce za su bi ta burtalin gabas har a gama girbi, kuma duk saniyar da ta shiga gona shi za a zo a kama. Sannan ya fara kiran sunayen manoman da suka mutu a rikicin, waɗanda ya sani tun suna yara, ya ce ya yi kukansu kamar yadda ya yi kukan nasa. Muryarsa ta karye, kuma kowa ya ji karyewar, har mutumin da ke tsaye a bakin hanya.

Sai Baba Ezekiyel, manomin da ya rasa ɗa a rikicin, ya dogara sandarsa ya tsallaka filin nan shi kaɗai, ya kama hannun Ardo. Guɗar da matanmu suka saki ranar ba ta buƙaci lasifika ba. A shekarar aka shuka shinkafa a fadama, muka ci.

Daga nan aiki bai sake yanke miki ba. Bikin aure, suna, walima, taron manoman citta, ranar girbi a ikilisiya, daga Kagoro har Zonkwa. Inna Hafsat, matar Ardo, ba ta zuwa kasuwa ta wuce ba ta ajiye miki ƙwaryar nono ba. Asher da Hephzibah suka gama karatu. Kika koya wa Milka ta zumuntarmu da wasu gwauraye mata biyu sana'ar, kika raka kowacce Kafanchan da lasifikanta, kika tsaya sai da ta gwada kafin ta zaɓa. Gidan makoki na marasa hali kuwa, ba a aiko miki. Da kanki kike zuwa da kaya, da man janaretanki, ki gama ki tafi ba ki ko tsaya cin abinci ba.

Kina da faɗa, ba zan ɓoye ba. Mai gabatarwa da ya yi ihu a makirfonki ko ya bubbuga shi da hannu, zai ji daga gare ki ko da limami ne ko fasto. Amma wanda kika yi wa faɗa da rana, shi kike fara zuba wa kunu da yamma.

Ga Asher da Hephzibah, da jikokinta, da dangin Baba Kaleb, da zumuntar mata ta Madakiya, da Malam Jamiluddeen da iyalin Ardo Yero da suka zo suka zauna makoki tare da mu: sannunmu da rashi. Ubangiji mai ta'aziyya ya riƙe zukatanku, ya share muku hawaye, ya tsare zaman lafiyar da ta sa hannu aka gina. Ya Uba mai jinƙai, ka gafarta wa baiwarka Rosemary kurakuranta, ka karɓe ta cikin salamarka, ka ba ta hutu na har abada. Amin.

Kin yi aikinki, Maman Asher, kin yi shi da kyau. Ki huta. Sai mun zo.