Ranar da Ƙurar Dutse ta Shiga Kotu

Har in koma ga Allah, ranar da na raka maƙwabcina kotu ba za ta fita daga raina ba.

A lokacin muna fasa dutse ne a Mpape, ban ma fara zuwa ajin yaƙi da jahilci ba. Ɗakina da nasa bango ɗaya ne. Shi Kirista ne daga Filato, amma kwanonmu ɗaya, kuma tuwon matarsa har yau ban ci irinsa ba.

Wata rana jami'an gwamnatin tarayya suka zo rufe wurin aikinmu. Leburori suka fito daga rami suna zanga-zanga, kowa ƙurar dutse ta mai da shi fari fat, sai idanu kawai. Cikin turereniya wani ya yi jifa, goshin wani jami'i ya fashe. Aka kwashe na kusa, har da maƙwabcina. An ba da belinsa, amma lauya ya ce in aka same shi da laifi, gidan yari ne. Ga matarsa da tsohon ciki.

Ranar shari'a na ara masa kaftanina na sallah. Matarsa ta dube shi, ta yi dariya da hawaye a idonta, ta ce, "Sannu, Alhaji!"

Mai gabatar da ƙara ya kunna bidiyon da aka ɗauka da waya. Alƙali ya gyara tabarau, ya sa aka maimaita. Fuskoki duk iri ɗaya, kamar an tsoma su a gari. Sai aka kira jami'in, da tabonsa a goshi, aka ce ya nuna wanda ya jefe shi. Ya daɗe yana kallon waɗanda ake tuhuma, kowa ya yi wanka ya shafa mai. 

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "an ji mini ciwo, wannan gaskiya ne. Amma na rantse kafin in fara magana. Ban gane kowa ba."

Aka sallame su. A bakin ƙofa maƙwabcina ya ce wa jami'in, "Oga, na gode." Ya ɗaga kai kawai ya wuce.

Yanzu an rufe ramin, maƙwabcina ya koma gida, har yau kuma ban san wanda ya yi jifan ba. Abin da na koya shi ne, mutum ya ce "ban sani ba" alhali tabon na goshinsa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.