Turmin Simintin Yaya Sahabi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Sahabi magini, amma har yau in na bi hanyar Bakura sai na rage sauri daidai turmin simintin da ya gina a bakin unguwarmu, nan Talata Mafara. Ya fi mutum tsawo, ga taɓarya jingine, ciki kuwa ko ƙwaya babu.

Mutane sun ɗauka alamar yalwa ce. Ni da Sahabi kaɗai muka san gaskiya. A shekarun tsuke bakin aljihu, muna yara, Inna kan jawo turmi da la'asar ta yi ta daka alhali ba komai a ciki, don kada maƙwabta su gane ba mu ɗora tukunya ba. Har lugude mukan yi da ita, ina cilla taɓarya sama ina tafi. Wallahi wasa na ɗauka, kuma ina kewar wasan nan.

Da Sahabi ya girma, Innar kanta ya so ginawa tana daka. Liman ya ce ban da siffar mutum, sai Yaya ya bar turmin shi kaɗai. Ranar da na gan shi raina ya ɓaci, na ce, "Yaya, asirin Inna ka kawo bakin hanya?" Ya yi dariyar nan tasa ta rainin wayo, ya ce, "Wa za ya gane, Hauwa, in ba wanda ya daka irinai ba?"

Bana matasan unguwa suka zo neman izinina. So suke su cika turmin da geron siminti, su rubuta albarkar noma a jikinsa. Na ce zan yi shawara, don in na hana, dole in faɗi dalili, ni kuwa shekara arba'in ina riƙe da bakina.

Cikin makon nan na ji daka daga gidan wata baiwar Allah da rikici ya koro daga Gidan Goga. Itace ne ke bugun itace, kunnena bai manta ba. Na ɗebi gero na kai mata, na ce nawa turmin ya tsage, ta daka mana tare. Da Sahabi na nan, na san kallona kawai zai yi.

Na gaya wa matasan su bar turmin wayam, na kuma gaya musu dalili. Abin da ya rage na Yaya ke nan, turmin da bai yarda ya yi ƙarya ba. Allah ya jiƙan su duka, shi da Inna. Inna, ki gafarce ni, yau na faɗa.