Gidan da Na Saya Cikin Takaba

Malamar makarantar da ke maƙwabtaka da ni ce ke riƙe da biro, ni kuma ina faɗa. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka kai ni ɗaki. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, in kuka ya zo mini ta jira ni.

Malam, mijina, ɗinkin hula yake yi. Mun zauna a gidansu na gado a Ƙofar Marusa tun ina amarya har haƙorana suka fara zuba. 'Ya'yan da na haifa Allah ya karɓi abinsa, sai mace ɗaya da ke aure a Batagarawa. Malam ya rasu bayan kaka. Ba a jima da sadakar arba'in ba 'yan'uwansa suka ce za a sayar da gidan a raba, don na ubansu ne. Ban ga laifinsu ba. Aka fitar da kason Malam, aka ba ni tumunina, ɗiyata ta karɓi nata.

Ta ce, "Inna, ki dawo wurinmu mana. Ga ɗaki nan babu kowa."

Na ce, "A gidan suruki? In ci tuwonsa kullum, in riƙa ɓuya in ya shigo? Ni dai abu ɗaya nake roƙon Allah, ranar da zan tafi a fitar da ni daga gidana."

Ta yi kuka, ta haɗa mini nata kason duka. Na sayar da 'yan kunnena da awakina na ƙara.

Wanda ya sayi gidan gadon ya yi mutunci, ya ce in zauna har in fita takaba, amma ina fita zai rushe. Ke nan dole a samo mini wuri tun ina ciki, mai takaba kuwa ba ta yawon duba gidaje. Sai ƙanin Malam ya bi dillali a madadina. Ya dawo ya tsaya daga bakin labule yana murna.

"Matar Yaya, kin yi goshi. Bayan Gobarau ne, ɗaki biyu da zaure. An shafe shi da siminti ciki da waje, har da fenti, kamar ofis."

Na ce, "Rufin fa?"

"Soro ne, lafiyarsa ƙalau. Ke da ko ƙofar gida ba ki leƙawa, sai tambaya kamar alƙali."

Na yi dariya, ita ce ta farko tun rasuwar. Malam yakan ce gida da damina ake dubansa. Na tuna da maganar a ranar, amma rani ne, kuma ba ni da inda zan jira damina. Aka biya, kuɗin ya tafi duka, ko na tabarma bai rage ba.

Na tare. Na ji daɗin gidan, ba zan ɓoye ba. Nakan share zauren da kaina in tsaya ina kallonsa. Na ci gaba da sana'ata ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Ruwan farko bai nuna komai ba. Da damina ta zauna, wata la'asar bayan an ɗauke, na ji wani abu ya faɗi a ɗakin da nake ajiya. Simintin bango ne ya ɓallo, faɗinsa ya kai faifai, abin da ke bayansa kuwa ƙasa ce jiƙaƙƙiya kamar kunu. Na sa yatsa, ya shige.

Aka kira mini wani tsohon magini na unguwar. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da sandarsa, ko'ina sai ya yi amon ƙwarya. Ya hau sama ya sauko.

Ya ce, "Inna, wa ya duba miki gidan nan?"

Na ce, "Ina takaba."

Ya ce, "Allah sarki." Sannan ya ce ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara, in aka rufe shi da siminti ruwa ya shiga ba ya samun mafita, sai ya ci bangon daga ciki. Wanda ya sayar ya shafe ne don ido, har indararo ɗaya ya toshe. Azara kuma gara ta gama da ita. In ina son kwana lafiya sai an tada bangon bulo an yi rufin kwano, kuma kafin ruwan tsakiyar damina.

Daga nan na fara yawon da ban taɓa yi ba Malam na da rai. Ɗiyata ta raka ni banki. Yaron da ke wurin ya yi mini magana da ladabi, ya tambayi takardar albashi, ya tambayi takardar gida ta gwamnati, ya tambayi mai tsaya mini. Ni takardar mai unguwa kawai gare ni. Da ya zo kan kuɗin ruwa na ce wa ɗiyata mu tashi, ko da sun ba ni ba zan je gaban Allah da shi ba. Ba su ma ba ni ba.

Na je wurin mai sayar da kayan gini. Ya ce, "Inna, bashi yanzu sai mai albashi, shi ma da ƙyar." Na juya zan tafi ya ce, "Ba ke ce matar mai hula ba? Shi ya ɗinka mini ta angoncina." Ya ba ni kwano na rufin ɗaki ɗaya, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan, kuma in kawo kuɗin kafin a yi kaka.

Sai adashe. Muna yi da matan tsohuwar unguwarmu, kwasata kuwa tana can ƙarshe. Na je na durƙusa wa Hajiya uwar adashe, wadda na girme ta. Ta ce, "Tashi, Gwaggo, kar ki ɗora mini zunubi." Ta roƙi wata mai shirin aurar da ɗiya ta bar mini nata layin. Matar ta yarda tana ƙunƙuni: "Kowa da ruwan da ke dukansa, ni ma kayan ɗaki ke gabana." Gaskiyarta ce.

Na kwashi adashen na miƙa wa magini. Tsakanin ranar da ya yi lissafi da ranar da aka je saye, siminti ya tashi, katako ya tashi. Bango ya zo kafaɗata kuɗi ya ƙare. Na ɗauki jarin gyaɗata na zuba, ya ƙara layi kaɗan ya tsaya. Magini ya tafi wani aikin, shi ma yana da iyali. Ƙanin Malam ya daina biyowa ta layinmu, kunya ce ta hana shi, na sani. Ga zubin adashe duk mako, ga babu gyaɗar da zan soya in samu. Na kwashe kayana na koma zaure, kwanon mutane yana jingine a tsakar gida yana kallona.

Ɗakin ajiyar ya faɗi ranar wata Juma'a, maza na masallaci. Ina zaure na ji kamar an sauke buhuna. Akwatin Malam na ciki, da zarensa, da katakon da yake ɗora hula. Na shiga taɓon ina tono da hannu ina kiransa, har matan maƙwabta suka janye ni. Malama, dakata kaɗan.

To. Bayan kwana kaɗan wani saurayi ya zo da dillalin nan. Yana son zauren, don yana bakin hanya, zai buɗe shagon cajin waya da cire kuɗi. Ba haya ba, saye.

Na ce, "Ɗan nan, gida ba zaure? In na mutu a ina maza za su zauna karɓar gaisuwa?"

Dillali ya ce, "Haba Inna, ki bari ki rayu tukuna. In zauren ya faɗo miki ai a titi za a zauna."

Na zage shi. Amma hadari na haɗuwa ta gabas a lokacin, kuma ina ganinsa ta ƙofar. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na aika a kira su.

Kuɗin zauren ya ƙarasa bango, aka buga kwano, na biya mai kayan gini. Abin da ya rage na sayi gyaɗa rabin abin da na saba. Adashen har yanzu ina zubawa, wani makon ɗiyata ce ke kawowa a ɓoye. Ɗaki ɗaya gare ni yanzu, ba ya yoyo, alhamdu lillahi. Mai sallama sai ya ɗaga murya saboda injin shagon.

Da aka toshe ƙofar zaure, sai aka fasa mini wata ta lungun gefe. Lungun ƙunci gare shi, kuma yana da kwana, ko tulu sai an karkata ake shigo da shi. Ranar da magini ya zo karɓar cikon kuɗinsa na tsayar da shi a wurin.

Na ce, "Malam, dubi nan da kyau. Makara za ta fita?"

Ya auna da sandarsa, ya sake aunawa. Ya ce, "Inna, Allah ya ja kwana."

Na ce, "Ba ita na tambaye ka ba."

Ya ce, "Ba za ta juya kwanar ba. Sai dai a fasa katanga ranar."

Na tambaye shi nawa ne mayar da katangar in an fasa. Ya faɗa mini. Shi nake tarawa yanzu a ƙullin zanena, kaɗan-kaɗan bayan zubi, don kada a bar wa ɗiyata gida a buɗe.