Raken da Na Sha Wa Baba

Ƙanena da ke karatu a Faransa shi ya jawo mana wannan tafiya, ko da yake har yau bai sani ba. Ya kira a waya wata Juma'a, yana ba Baba labari wai a can mutane kan ɗauki mota su bi gonakin inabi ɗaya bayan ɗaya, a kowace gona a tsiyaya musu abin da aka matsa su ɗanɗana, su ci abinci a ƙauyen, su kalli tsofaffin gine-gine, su koma gida. Ya yi ta rantse-rantse shi ƴaƴan itacen kawai ya ci, bai taɓa kwalba ba. Baba ko ta kan rantsuwar bai bi ba. Da aka kashe waya sai ya ce, "Wato har biya suke yi? Ashe mu da muka ƙare rayuwa muna wannan yawo a kan rake, shaƙatawa muke yi ba mu sani ba."

Sana'arsa ke nan tun kafin a haife ni. Da sanyi ya shigo rake ya nuna, sai ya bar Matameye ya bi fadamun Kance da Dawce da Yauri, ya shiga garka ya karya sanda ɗaya ya sha, ya ce wannan ya isa sara, wancan a bar shi ya ƙara kwana. Sai bakinsa ya yarda ake loda kamyo, manyan motocin kaya, zuwa Damagaram da Agadas. Muna yara, rigarsa kullum ƙamshin rake take yi, aljihunsa ba ya rabuwa da ƴar gaɓa.

Sai ga ciwon sukari. Mun yi ta fama da shi a kan shayi da dabino, yana yi mana wayo muna kama shi, har ranar da ya yi tuntuɓe a ƙofar masallaci, babban yatsansa na ƙafa ya fashe, mikin ya ƙi warkewa. A gabana likita ya dube shi ya ce idan sukarin ya sake hawa, ba yatsan kaɗai za a yanke ba. Tun daga ranar Baba ya zama mutumin zaure, ƙafa a naɗe, yana kallon amalanken rake na wucewa zuwa kasuwa.

Kwana kaɗan bayan wayar nan ya ce yana so a kai shi ya zaga garake, ya gaisa da mutanensa. Inna ta ce ba inda za shi. Ya daina magana, ya rage cin abinci, har ta sauko, amma da sharaɗi. Ta aika aka kira ni daga gidan mijina.

"Ke za ki bi shi," in ji ta. "Duk cikin ƴaƴana ke ce idonki ya bushe. Ko ɗigo kada ya shiga bakinsa."

Ban san ko yabo ba ne ko zagi. Malamar lekol ce ni, wato makarantar boko, na saba hana yara abin da suke so, na ɗauka wannan ma haka zai zo da sauƙi.

Maigidana ne ya ja mu a tsohuwar motarsa. Na yi murna da farko, na ce ga mai taya ni. Na manta suruki ne. Ba zai ci ko gyaɗa a gaban Baba ba, ba zai musa masa ba ko da ya ce rana daga yamma take fitowa. Duk tafiyar nan abin da ya iya faɗa bai wuce "Haka ne, Alhaji" ba.

Garka ta farko a bayan Kance take, ta wani tsohon abokin Baba, Alhaji mai gajeren gemu da dariya kamar ta yaro. Suka rungume juna, suka yi ta gaisuwa ba ƙarewa. Kafin a shimfiɗa tabarma har ya shiga cikin raken da adda, ya zaɓo sanda mai kauri ya miƙa wa Baba da hannu biyu. A nan na gane abin da Inna ba ta lissafa ba. A garka ba a ƙin raken da aka sare wa baƙo. Balle Baba: idan ya karɓa ya ajiye bai sha ba, kafin la'asar labari ya kai tasha cewa ya raina raken Alhaji na bana.

Na sa hannu na karɓe sandar tsakanin hannuwansu. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, likita ya hana shi."

Alhaji ya dubi Baba, Baba ya dubi ƙasa. Can Baba ya ɗago kai ya ce, "Ba komai. Ta sha ta gaya mini. Bakina na yau ke nan na zo da shi."

Aka yi dariya, ni ma na yi, na fere na sha.

"Yaya?" in ji Baba.

"Da zaƙi."

"Alewa ma da zaƙi. A ina zaƙin ya tsaya, a bakin harshe ko ya gangara maƙogwaro? In kin haɗiye, kin ji ɗan gishiri-gishiri a baya?"

Na sake sha. Da gaske akwai shi, kaɗan, kamar an wanke ƙwarya da ruwan kanwa ba a ɗauraye sosai ba. Na faɗa masa. Ya juya wajen Alhaji ya ce, "Ka ƙara fili ta wajen tsohuwar rijiya ke nan. Na gaya maka ƙasar can kanwa gare ta." Alhaji ya kama baki yana dariya, ya ce shi dai bai taɓa cin nasara a kan mutumin nan ba.

Haka muka yini. A kowace garka a sare, in karɓe, in ba da haƙuri, in sha, Baba ya zuba wa bakina ido yana tambaya. Wani raken ruwa ne tsululu ba ƙarfi, wani tauri kamar icce amma zaƙinsa har cikin kai. Muƙamuƙina ya gaji, gefen leɓena ya tsage. Abin da ban gaya wa kowa ba sai yanzu shi ne daɗi nake ji. Ban taɓa shan rake a gindinsa da sanyin safiya a jikinsa ba. Ina tsotsa ina jin kamar in lumshe ido, sai in tuna wanda ke kallona, in ɓata fuska kamar magani nake sha. Na tabbata bai ruɗu ba.

Da azahar muka shiga cikin garin Kance. Bayan salla Baba ya sa aka bi da mu ta wajen ɗan abin da ya rage na tsohuwar ganuwa, tudun ƙasa ne kawai yanzu, awaki na hawa. Ya nuna mana ramukan wata tsohuwar marina da aka daina aiki da ita, ya ce a nan aka rina rigar da ya sa ranar ɗaurin aurensa da Inna. Ya nuna wata tsamiya inda kamyo ke tsayawa a da. Muka zauna a inuwarta, na sayo masa tsire da kwaɗon zogale, abin da likita ya yarda da shi. Mai fura ta zo wucewa, ya bi ƙwaryarta da kallo, na ce a zuba masa nono zalla. Ya karɓa ya sha. Maigidana kuwa ya ɗauki nasa tsiren ya zagaya bayan mota, wai zai duba taya.

A hanyar Yauri muka tsaya wurin wani mutum da ya yi zama a Aljeriya ya dawo da dashen inabi, ya yi masa rumfa a tsakiyar garkarsa. Baba ya ce lalle sai ya ga abin nan da Turawa ke biya su kalla. Ƴaƴan ƙanana ne, kore. Na ɗanɗana, tsami ya kama mini haƙora, sai na ce wannan kam ba zai yi masa komai ba, na ba shi ƙwaya ɗaya. Ya tauna, ya yamutsa fuska, ya yi wa mai garkar addu'ar albarka. Da muka koma mota ya ce, "Allah sarki, ashe wahala yaron nan yake sha a can." Ranar ke nan na fara jin dariyarsa ta da.

Ina ma a ce a nan muka juya gida.

Garka ta ƙarshe ta Baba ce, ta gado, a wani ƙauye kusa da Yauri inda aka haife shi. Ƙanensa, Baffana, shi ke nomanta tun da ciwo ya zaunar da Baba. Jan rake ne a cikinta, irin da Baba ya ɗauko a kan jaki daga tsallaken iyaka yana saurayi, ake ta dasa shi shekara bayan shekara. Da ya sauka daga mota bai jira sandarsa ba. Ya ɗingisa har bakin kunya ta farko, ya kama ganye yana shafawa.

Baffa ya ji labarin yadda muka yini, labarin garka ba ya jiran mota. Saboda haka bai biyo ta wajena ba. Ya sare sanda, ya yanko guntu mai gaɓa biyu daga tsakiya inda zaƙi ya fi taruwa, ya zagaye ni ya danƙa wa Baba a hannu.

"Yaya, wannan ba kyautar baƙo ba ce. Naka ne."

Baba bai taɓa fere rake da wuƙa ba, da haƙori yake ɓarewa. Ya juya guntun, ya shinshina, ya kai baki. Na ga haƙoransa sun kama ɓawon. Ga Baffa, ga masu aikin garka sun dakata suna kallo, ga surukinsa a tsaye. Ni kuma ba abin da nake gani sai farin ƙyallen da ke naɗe a ƙafarsa, ya yi ja da ƙasar fadama.

Na ce, "Baba, ƙafarka."

Ban ɗaga murya ba, amma kowa ya ji.

Baffa ya ce, "Haba ƴata, ɗan wannan me zai yi masa?"

"Baffa, in aka yanke, ba kai za ka yi jinya ba."

Ban san daga inda maganar ta fito ba. Baffa ya sunkuyar da kai. Baba ya sauke hannunsa a hankali, ga shatin haƙoransa a jikin ɓawon. Ya dube ni ya ce, "To, Malama." Bai taɓa kirana haka ba. Ya sa guntun a aljihu, ya ce a tafi kada magariba ta same mu a hanya. Har Matameye ko "Haka ne, Alhaji" ban ji ba.

Da muka iso na ja Inna gefe na ce akwai rake a aljihunsa, ta sa ido. Washegari da safe kafin in wuce lekol na biya, ta tare ni a tsakar gida da rigar a hannu, aljihu wayam. Raina ya ɓaci. Duk rashin kunyar da na tafka jiya a gaban mutane, ashe a banza. Na ɗauko ɗan injin awon sukari na same shi a zaure, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce ya ba ni yatsa. Ya miƙo, bai tambayi dalili ba. Na soka, na jira. Sukarinsa lafiya lau.

Ya ɗauki sandarsa ya nuna mini gefen zaure, inda ruwan alwalarsa ke gangarawa. An tona ƙasar wurin an mayar, da danshi a kai.

"Can na kwantar da shi," ya ce. "Idanun gaɓoɓinsa biyu duk masu rai ne, za su tsiro. An hana ni sha, ai ba a hana ni ba shi ruwa ba."

Na tsaya da inji a hannu, ga ɗigon jininsa a yatsa. Na so in ce ya yafe mini, amma ban san wanne zan fara roƙa ba, na jiya ko na yau. Sai na sa auduga na goge masa yatsan na tafi aiki.

Mikin ya warke. Baba na tafiya masallaci da ƙafafunsa biyu, likita har yaba mini ya yi, Inna kuma duk wadda ta zo sai ta ba ta labarin ƴarta mai busasshen ido. Na san daidai na yi. In aka mayar da ni garkar nan yau, abin da zan faɗa ke nan. Amma sanin bai taɓa sauke mini nauyin ba. Na ba shi inabin wani mai tsami, na hana shi raken da ya ɗauko a kan jaki, kuma a gaban ƙanensa.

Raken ya tsiro, ya yi ƴaƴa, yanzu ya fi katangar gidan tsawo. Duk sanyi shi ke sare sandar farko da kansa, ya aika a kira ni. Da wuƙa yake ferewa yanzu, a hankali, ya yanka ƙanana ya miƙo mini, ya zuba wa bakina ido. Na iya bayani sosai, ina gaya masa inda zaƙin ya tsaya da inda ya gangara, yana gyaɗa kai.

Bara na kasa daurewa. Inna ta shiga ɗaki, daga ni sai shi. Na ɗauki yanka mafi ƙanƙanta na miƙa masa, na ce, "Baba, sha wannan. Ba zan gaya wa kowa ba."

Ya daɗe yana kallonsa a tafin hannuna. Sannan ya tura hannun nawa baya.

"A'a, ke dai sha ki gaya mini. Bakina ya manta. Ina tsoron in sha in ji bai kai yadda nake tunawa ba."

Na sa a baki na tauna. Ya matso kusa ya ce, "Yaya?"