Hoton da Na Cire Daga Bangonka

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Laraba 17 ga watan Afrilu, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran tsohon ɗan wasan kwaikwayon nan da kowa ke kira Baba Alƙali, saboda yawan fitowarsa a matsayin alƙali. Ya rasu a ɗakinsa cikin makon nan na azabar zafi, ba wuta, fanka a tsaye. Likita ya ce zuciya ce, zafin kuma ya ƙarasa.

Baba, ni ce 'yarka ta wurin aiki, wadda ka laƙaba wa Uwar Gardama. Da kunya nake rubuta wannan, kuma zan faɗi dalili.

Ranar da aka fara ɗora mini kyamara, bakina ya ɗaure, maganar da na haddace ta gudu. Darakta ya fara kumbura. Sai kawai ka ɓarke da tarin ƙarya, har da dafe ƙirji, ka ce a dakata a kawo maka ruwa. Kana kurɓa kana raɗa mini maganata kalma-kalma. Kai ka sha faɗan ranar, ni na sha yabo. Tsohuwar motarka, wadda sai daga waje ake buɗe ƙofarta, ba ta taɓa barin wurin ɗauka ba sai cike da masu riƙe fitila da masu kwalliya. In lokacin salla ya yi kuwa, ko ana tsakiyar yanke hukunci sai ka cire rawanin wasa ka ce, "Kotu ta tashi."

Abu ɗaya muka saɓa. Da aka naɗa ni jakadiyar gangamin yaƙi da sauyin yanayi, na zo da rawar jiki in sa ka a bidiyonmu. Ka leƙa ta taga, ka ga motocinmu jere a ƙofar gidanka, kowace injinta na kunne don kada cikinta ya yi zafi kafin mu fito.

"Ruwa da rana a hannun Allah suke, 'yata," ka ce.

Na ce, "Baba, ai Allah bai ce mu ɓata ƙasarSa ba."

Ka ce, "Ban musa zafi ba, fatata shaida ce. Ku nake musu. Fuskata ta yi ƙarya a fim shekara da shekaru, kowa kuma ya san wasa ne. Ba zan ba da ita a yi wasan da za a ce gaskiya ne ba."

Har yau ban yarda da kai duka ba. Kana kiran hasashen masana duba, kuma wallahi taurin kai ne. Zafi yana ƙaruwa, da hannun mutane a ciki, kuma da yawa cikin abokan tafiyata da gaske suke yi. Amma ka faɗi taka a fili, ka maimaita, ba wanda zai ce bai ji ba.

Ko binne ka ba a gama yi ba shugaban gangaminmu ya kira ni. Ya ce mutuwarka za ta farkar da waɗanda ba sa jin maganarmu, musamman mutanen masallaci da suke ganin girmanka. Za a sa hotonka a allunan kan titi, a rubuta cewa zafi ya kashe Baba Alƙali, wa zai biyo baya? Ya ce ni ce na fi kusa da gidan, in nemo izinin Mama, matarka. Ya kuma tuna mini, cikin ladabi, cewa masu son kujerar jakadiya suna da yawa.

Kuma na je, Baba. Na zauna a tabarma cikin mata masu gaisuwa, ana jan carbi, ni ina jiran ɗaki ya ragu. Da ya ragu na matsa kusa da Mama, na shirya maganar da kyau kamar yadda ka koya mini shirya magana. Ban gaya mata ka taɓa ƙi ba. Na so ta yi fushi ta kore ni, da na samu sauƙi. Ina! Sai ta miƙe da ƙyar, ta ciro hoton nan naka da ke bangon falo, wanda kake dariya hula a karkace, ta goge gilashinsa da gefen mayafinta ta miƙo mini.

"Ke 'yarsa ce," in ji ta. "Kin fi ni sanin harkar aikinsa. In kin san zai yarda, ku sa."

Na karɓa. Har godiya na yi! Na kwantar da hotonka a kujerar baya, na kunna sanyin mota, na tafi gida. Na jingine ka a kan tebur, na kasa cin abinci a gabanka. Waya tana ta ruri, masu buga allo suna jira. Mutumin da ya rufa mini asiri ranar da bakina ya mutu, ni kuma na jira nasa bakin ya rufe don in sa shi faɗin abin da ya ƙi faɗa da ransa. Ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta ranar ba.

Washegari na kira shugaban na ce ba za a sa ba, in kujera ce a ba wani. An kuwa bayar. Zan ci gaba da maganar zafi da tawa fuskar, in akwai mai saurare.

Na mayar da hoton. Na tarar da Mama ta sauya wurin zama, ta koma kusa da ƙofa inda rana ke dukanta. Na rataye shi a ƙusarsa, na durƙusa na gaya mata gaskiya, cewa ka ƙi tun kana da rai, kuma na sani. 

"Allah Ya yafe mana," ta ce. "Ni dai tun da kika fita da shi nake ba bangon nan baya."

Ya Allah, Ka jiƙan Baba Alƙali, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yansa da jikokinsa, da duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar motar nan. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Mama ta ce ta yafe mini. Kai kuwa, Baba, na makara wajen tambayarka, sai dai in roƙi Allah Ya haɗa mu a inda zan iya ɗaga kai in dube ka. Amin.